Kafin a miƙa tsohuwar kwamfuta ga 'yan gwangwan, a duba abin da allonta ke nunawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu gyaran rediyo da talabijin, da kuma ƙannenmu masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut, a kan wani kaya da kan faɗo hannunsu jefi-jefi, su yanke masa hukuncin mutuwa tun ba su bincika ba. Ina nufin kwamfutocin gida na shekarun 1980: Commodore 64 da ZX Spectrum da suka fito a 1982, BBC Micro ta 1981, da Amiga 500 ta 1987. Ba su da allon kansu. Madannai ne da inji a cikinsa, sai a jona da talabijin ɗin falo. Akan tsince su cikin kayan gwanjo, ko a siton tsohuwar makaranta, ko a akwatin wani dattijo da ya yi karatu a Ingila. Wanda ya samu sai ya jona, ya ga allo baƙi ƙirin ko tsaki-tsaki, ya ce ai ta mutu. Daga nan sai sikelin 'yan gwangwan.

Rashin hoto alama ce kawai, kuma sau da yawa laifin ba na kwamfutar ba ne. Binciken yana da tsari: a fara da wuta, a koma kan talabijin, a duba waya, sai a ƙarshe a kwance sukurori. Wanda ya fara daga ciki, garin neman gira zai rasa ido.

Maganar wuta ita ce gaba da komai, domin jonawar farko ce ke kashe da yawa daga cikinsu. Adaftar Commodore 64, wannan baƙin dunƙule mai nauyi kamar bulo, wuta iri biyu take bayarwa: bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. An cika cikinta da wani ƙaro da ya daskare, don haka zafi ba ya samun hanyar fita, kuma ba ta gyaruwa. Idan abin da ke daidaita bolt 5 ɗin ya gaji, ba yankewa yake ba, hawa yake yi. Ya kai 6, ya kai 7, ya bi ayisin RAM, ma'ajiyar bayanan da kwamfuta ke aiki da su, ya ƙona su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kada a soka ta a jikin kwamfuta sai an sa mata mita. A kan filoginta mai ƙafa bakwai, ƙafa ta 2 ita ce ƙasa, ta 5 ita ce bolt 5, ta 6 da ta 7 kuma su ne na AC. Daga 4.9 zuwa 5.2 lafiya lau. Idan ta haura 5.3, a jingine ta. AC ɗin kuwa in ya nuna 10 ko 11 ba tare da kaya a kai ba, babu komai, haka yake. Awon sanyi ma bai wadatar ba, don akwai adaftar da ke nuna 5.0 da fari, bayan rabin awa ta ɗumama ta fara hawa. A ɗaura mata rezista mai om 5, wat 10, wanda zai ja amfiya ɗaya, a bar ta minti talatin a sake aunawa. A ra'ayina, ko ta ci jarrabawar, a yanayin zafinmu na Kano gara a haɗa sabuwa: adafta mai kyau ta bolt 5 amfiya 2, da taransifoma ta bolt 9 AC amfiya ɗaya, a yanke tsohon filogin a yi amfani da shi.

Spectrum kuma tarkonta daban ne. Bolt 9 na DC take sha, amma tsakiyar filoginta nagatif ne, alhali kusan duk adaftar da za ka saya a kasuwar Sabon Gari tsakiyarta fozitif ce. Filogin zai shige daram kamar an yi shi dominta, kuma ba ta da makunni ballantana ka yi tunani: da sokawa wuta ta shiga a juye. A auna, in ta kama a juya wayoyin. Adaftarta ta asali ba ta daidaita wuta, don haka in ta nuna 13 ko 14 babu kaya a kai, kada a tsorata, wani ayisi mai ƙafa uku, 7805, shi ke sauke ta zuwa 5 a ciki.

A kuma karanta takardar da ke manne a gindin adafta. Wadda ta zo daga Amurka ta wutar 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240. Sai da taransifomar rage wuta. Ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka, da inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take ba, duk ba abokan tafiyarsu ba ne. Alamar da suke bari a allo ita ce wani faffaɗan duhu da ke rarrafe daga ƙasa zuwa sama a hankali. Idan an koma wuta mai kyau duhun bai tafi ba, to babban kafasitan da ke tace wuta a adafta ne ya bushe.

Idan wuta ta tabbata, sai talabijin. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, saboda sun manta yadda ake kama tasha a da. Kwamfutar nan ƙaramar tashar talabijin ce. Akwai wani akwatin ƙarfe kamar na ashana a cikinta da ke watsa hoto ta wayar eriya (ban da Amiga 500, wadda nata akwatin, A520, daga waje ake jona shi), kuma waɗanda aka yi don Ingila da Turai a layi na 36 na UHF suke fita, wato megahaz 591.25. Mutanen Kano da suka san CTV 67 kafin ta zama ARTV sun san zancen: yadda ake murɗawa a nemo 67, haka za a nemo 36. Na Amurka kuwa a layi na 3 ko na 4 na VHF suke. Dole talabijin ɗin ta kasance tana kama tashoshin analog, a kuma shiga neman tasha da hannu, domin neman da take yi da kanta yakan tsallake siginar, ko ta kama ta saki. Filasmomin yanzu ba su da haƙuri. Da sun ji sigina ta ɗan kauce sai su rufe da shuɗin allo, akwatin nan kuwa bayan shekara arba'in da wuya ya tsaya cak a inda aka ajiye shi, yana ɗumama yana gocewa.

Hoto ya fito tas amma sauti sai shuuu? Wannan ba lalacewa ba ce. Tsarin Ingila yana ajiye sauti a tazarar megahaz 6.0 daga hoto, wanda ake kira I, tsarin B/G da talabijin ɗinmu suka saba da shi kuma 5.5 ne. A shiga saitin sauti a mayar da shi I. Ita Spectrum mai 48K ma ba ta aika sauti talabijin sam, ɗan lasifikarta na cikinta, kada a wahalar da kai. In kuma hoton ya zo fari da baƙi, ko yana birgima, a duba ko kwamfutar ta Amurka ce: tsarinsu NTSC ne, launinsa a megahaz 3.58, namu PAL ne a 4.43. Yawancin talabijin da ake sayarwa a nan suna ɗaukar duka biyun, illa dai wani lokaci sai an zaɓa musu da hannu.

Wani abin da ke rikita filasma shi ne yanayin hoton kansa. Tashar talabijin tana aiko layuka 625 a rabe biyu, ana saƙa su cikin juna. Commodore 64 da Spectrum ba sa saƙar, layi 312 suke maimaitawa sau hamsin a daƙiƙa. Talabijin mai doro ba ruwanta, abin da aka ba ta shi take zanawa. Filasma kuwa wata ta karɓa, wata ta riƙa karkarwa, wata ta ce babu sigina. Ƙananan akwatunan nan masu mayar da AV zuwa HDMI suna fitar da hoto, amma da jinkiri da dishi-dishi, kuma su ma sukan yi gardama. Monitan kwamfuta mai VGA kam kada a ɓata lokaci: yana jiran layuka dubu 31 da ɗari biyar a daƙiƙa, ana ba shi dubu 15 da ɗari shida. Shawarata ga duk mai son wannan aiki, ya ajiye ƙaramar talabijin mai doro, inci 14, mai ramin AV, a gefen benci. Ita ce alƙali. Abin da ta ƙi nunawa shi ne matsala ta gaskiya.

Waya kuma, ɗan hakin da ka raina. Bayan Commodore 64 akwai rami zagayayye mai ƙafa takwas, na farko-farkon kuma biyar. Ƙafa ta 2 ƙasa ce, ta 3 sauti, ta 4 hoto haɗaɗɗe wanda ke tafiya ramin rawaya na AV, ta 1 haske zalla, ta 6 launi zalla. Wayoyin tsofaffin rediyo masu irin wannan kai suna shiga, sai dai jerin ƙafafunsu daban ne, kuma launin kawunansu ba ya nufin komai. Idan hoto ya fito garau amma babu launi, da alama an ɗauko ƙafa ta 1 a maimakon ta 4. A gwada kawunan ɗaya bayan ɗaya a ramin rawaya, ba abin da zai ƙone. Wanda ya haɗa haske da launi daban-daban ta S-Video ya ga allo ya yi ɗigo-ɗigo kamar zanen dara, launin ne ya yi ƙarfi, ya sa rezista mai om 330 a kan wayar launin. Talabijin ɗin gwanjo na Turai kuma suna da faffaɗan ramin SCART mai ƙafa 21, wanda ya fi komai fitar da hoton Amiga da BBC Micro, amma sai an ba ƙafa ta 16 wuta tsakanin bolt 1 zuwa 3 kafin ta yarda ta koma RGB, wato karɓar ja da kore da shuɗi a rarrabe. In ba a ba ta ba, sai allo baƙi ko hoto maras launi, a yi ta zargin kwamfuta a banza.

Akwai ma waɗanda haka aka halicce su. Ramin hoto na bayan Amiga 500 fari da baƙi yake bayarwa tun daga masana'anta, launi sai ta ramin RGB mai ƙafa 23 ko ta akwatin A520. Haka ramin hoto haɗaɗɗe na BBC Micro. Babu abin gyarawa a nan.

To, an tabbatar da wuta, talabijin da waya, har yanzu shiru. Yanzu ne za a buɗe. Kafin nan a lura da abu ɗaya wanda ke raba aikin gida biyu: a zuba wa allon ido a daidai lokacin da aka kunna. Idan tsaki-tsakin ya ɗauke, allo ya koma baƙi sumul, to sashen hoto yana raye, yana aiko sigina, abin da zai zana ne ba a ba shi ba. Idan kuwa babu abin da ya motsa, ko filasma ta ci gaba da cewa babu sigina, matsalar tana sashen hoton ne ko wutar da ke ciyar da shi.

A Commodore 64, idan babu sigina sam, a fara da fis. Akwai fis na gilashi a kan fanel, kan layin bolt 9 na AC. Jar fitilar da ke saman kwamfutar daga bolt 5 take ci, don haka za ta kama ko da fis ya tsinke, ta yaudare ka. Daga AC ɗin nan ake samar da bolt 12 da ayisin hoto ke buƙata. Sunansa VIC-II, lambarsa 6569 a na PAL, 6567 a na Amurka, yana cikin wani akwatin ƙarfe mai murfi a tsakiyar fanel. A auna ƙafarsa ta 13, a ga 12, ta 40 kuma a ga 5. In babu 12, a bi baya zuwa 7812 da kafasitocin da ke kewaye da shi, a kuma duba makunnin kansa, domin layi biyu yake haɗawa, ɗaya kan yi tsatsa ɗaya na aiki. Gargaɗi a nan: samfurin baya, mai siririn farin jiki, yawanci ayisin hotonsa 8565 ne, kuma bolt 5 kaɗai yake sha. Wanda ya ɗauko shi ya dasa a tsohon fanel ya ba shi 12, ya yi asararsa. Akwatin eriyar nan ma kada a fizge shi da sunan ba a bukatarsa, don hoton da ke fita ta ramin AV ta cikinsa yake bi.

Idan baƙi sumul ne, masu laifin da aka saba kamawa huɗu ne: PLA, RAM, KERNAL (ayisin ROM mai ɗauke da umarnin tayar da kwamfutar), da ƙwaƙwalwar 6510. PLA, mai lamba 906114-01, shi ne ɗan sandan kan hanya, shi ke cewa wane ayisi zai yi magana a wane lokaci. Yana da zafi ko da lafiyarsa ƙalau, kuma ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa. Yanzu akwai sababbin da ake ƙerawa a madadinsa. Kafin a taɓa shi dai a yi gwaje-gwajen da ba sa cin kuɗi. A zare ayisin sauti, 6581, in yana kan soket: kwamfutar na tashi ba shi, kuma idan ya harɗe yakan danne komai. A auna ƙafa ta 40 ta 6510, ya kamata ta zauna ƙasa na ɗan lokaci bayan kunnawa sannan ta hau 5, in ta maƙale a ƙasa to ayisin 556 mai tayar da ita ne. Sai a bar ta minti ɗaya a kunne a bi ayisin RAM takwas ɗin nan, 4164, da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi ba ne. Wanda ya ƙona yatsa ya mutu, kuma yawanci shaida ce cewa adafta ta yi ɓarna. Masu tambarin MT a jiki sun fi saurin lalacewa. Akwai dabarar goyo, a ɗora lafiyayyen ayisi a bayan wanda ake zargi ƙafa kan ƙafa. Tana aiki idan na ƙasan ya yi shiru ne kawai, in ya harɗe ba za ta nuna komai ba, don haka rashin canji ba ya wanke shi. Mai yawan wannan aiki ya nemi katirijin gwaji da ake kira Dead Test: yana walƙa farin haske a allo, adadin walƙiyar ke nuna ayisin RAM da ya lalace.

Idan akwai hoto amma ba daidai ba, aiki ya yi sauƙi, domin allon ne ke faɗin inda ke masa ciwo. Lafiyayyar Commodore 64 tana tashi da gefe shuɗi mai haske, tsakiya shuɗi mai duhu, ta rubuta cewa akwai 38911 a sake, ta ce READY. Duk wata lamba da ba 38911 ba, RAM ne. Gefe da tsakiya sun fito daidai amma babu rubutu ko ɗaya, a zargi ROM na BASIC, harshen da ake rubuta mata umarni da shi, 901226. Rubutu ya fito a gurbinsa amma haruffan sun zama tarkace, ROM na haruffa ne, 901225, ko kuma na biyu daga cikin ayisin CIA guda biyu masu kula da shige da fice, wanda ke nuna wa ayisin hoto ɓangaren da zai karanta. Haruffa daidai amma kowanne da launinsa, suna ƙyalƙyali, a duba ƙaramin RAM na launi, 2114, sannan PLA. Komai ya fito amma ɗan murabba'in nan mai ƙiftawa babu shi, madannai kuma ba sa amsawa, CIA na farko ne, 6526. Hoton da ke farawa lafiya, bayan minti goma ya soma zubar da tarkace, zafi ne. Murfin akwatin VIC-II yana da wani harshe da ke taɓa bayan ayisin don ya janye zafi, a goge busasshen man da ke wurin a sa sabo, a tabbata harshen na taɓawa. Kwalin nan mai launin azurfa da aka lulluɓe fanel da shi kuma a cire, a watan Afrilun Kano bargo ne kawai.

Spectrum gininta ya fi sauƙi, amma tana da wuri ɗaya mai rauni. RAM ɗinta na ƙasa, wanda hoton ke zaune a ciki, ayisi takwas ne masu lamba 4116, kuma kowanne wuta uku yake so: nagatif 5 a ƙafa ta 1, bolt 12 a ƙafa ta 8, bolt 5 a ƙafa ta 9, ƙasa a ta 16. Sha biyun da nagatif ɗin wani ɗan kewaye ne ke ƙera su, mai ƙaramin nadi da taransisto biyu, TR4 da TR5. TR4, wanda yawanci ZTX650 ne, shi ne mai saurin mutuwa, musamman idan an soka ko an zare wani abu a faffaɗan ramin baya alhali wuta na ciki. Idan nagatif 5 ya ɓace, ayisin 4116 suna lalacewa a tsaye, don haka awon nan na daƙiƙu ne: a ɗora mita tukuna, a soka wuta, a karanta, a zare. In babu, a canza TR4 da ZTX651 ko ZTX653, a gwada TR5, kada a sake kunnawa a bari sai wutar uku sun dawo. Lafiyayyiya tana nuna farin allo da rubutun 1982 Sinclair Research Ltd a ƙasa. Murabba'ai masu launi barkatai suna ƙiftawa, ko ratsi-ratsi a tsaye, yawanci RAM na ƙasa ne. Rubutu ya fito amma babu launi, a duba bolt 12 a kan LM1889, shi ne mai haɗa launin. A fanel na biyu, wanda aka rubuta Issue 2, akwai 'yan maɓallan murɗawa, VR1 da VR2, idan farin allo ya koma ruwan ɗorawa ko kore-kore da su ake daidaitawa, kaɗan-kaɗan, bayan an yi alamar inda suke. Sai an kore duk waɗannan za a zargi ULA, babban ayisin da ke haɗa hoton, domin shi ne mai wuyar samu. Wajen buɗe ta kuma a ɗaga murfi a hankali, faifan roba biyu da ke haɗa madannai sun bushe, da an ja sun tsage.

Gyaran da ya fi kowanne amfani ga Spectrum shi ne a raba ta da eriya. Wayoyi biyu ke shiga akwatin eriyarta, ɗaya bolt 5, ɗaya hoto. A cire ta bolt 5. A buɗe akwatin a raba rezistan da ke manne da tsakiyar ramin fita. A kai wayar hoto tsakiyar ramin ta kan kafasita mai 100 maikuro, ƙafarsa ta fozitif tana fuskantar fanel. Shi ke nan, sai ramin rawaya na AV, ba sauran neman layi na 36.

Amiga ita da launi take magana. Allo ya tsaya kore, RAM ne ko ayisin Agnus bai zauna daidai a soket ɗinsa mai kusurwa huɗu ba, sau da yawa dannawa da babban yatsa ke tayar da ita. Ja, ROM ne. Shuɗi, ɗaya daga ayisinta na musamman. Rawaya, ƙwaƙwalwa ta ci karo da kuskure. A buɗe ƙofar da ke ƙarƙashinta a duba katin ƙarin RAM, akwai batir mai kamar ganga da ke zubar da ruwa ya ci layukan tagulla, a yanke shi tun bai gama ba. BBC Micro kuwa, in ta yi ƙara ta tayar da hayaƙi mai wari, kafasitocin RIFA ne na sashen wuta, masu jikin ruwan zuma da ya tsattsage. A canza su da irinsu masu alamar X2 tun kafin kunnawar farko.

'Yan uwana masu gyaran waya, a ajiye bulowa. Fanel ɗin nan ƙafafun ayisinsa ratsawa suke ta rami, iska mai zafi kuwa tana kumbura shi ta ɗaga layukan. Ayan mai zafin 330 zuwa 350 da dalma mai gubar nan ta da, da abin zuƙe dalma, sun isa. Ayisin da aka tabbatar ya mutu, a datse ƙafafunsa a zare su ɗaya-ɗaya, a share ramukan, a dasa soket. Wanda ake zargi kawai ba a datse shi, don kamfanin Commodore ya rushe tun 1994, kuma na asali sai dai a ciro daga wani fanel. Shi ya sa ko matacciyar ma ba ta sikeli ba ce. Wajen canza kafasitoci a ɗauki hoto da waya kafin a cire, saboda akwai fanel ɗin Spectrum da aka buga alamar fozitif a juye, a kuma sayi masu jure zafin 105. Ƙurar hunturu da ta shige soket, burushi da sifirit ke fitar da ita, a zare ayisi daga gefe biyu a hankali, a goge, a mayar yadda tsagar kansa take. Sannan a lokacin hunturu, wannan tartsatsin da ke harbin mutum in ya taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe ayisi. A taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa fanel, kada kuma a sa yatsa a ramin abin wasa na gefen Commodore 64, kai tsaye yake shiga CIA.

Ita talabijin mai doro ba sai na koya wa masu sana'ar ba. Tunatarwa ce ga sababbi: bayan kwalbar akwai wuta sama da bolt dubu ashirin, kuma tana kwana a ciki bayan an zare filogi. Idan hoto ya tattare ya zama farin layi ɗaya a kwance, a kashe nan take kar ya ƙona gilashin, yawanci dalmar ayisin da ke buɗe hoto sama da ƙasa ce ta tsage. Tabon launi a kusurwa kuma, a fara matsar da lasifika.

Bayan gyara kada a ɗaure sukurori da wuri. A Commodore 64 a rubuta POKE 53280,2 gefe ya koma ja, a canza lambar ƙarshe zuwa 5 ya zama kore, 6 shuɗi, sannan POKE 53281,1 tsakiya ta yi fari. A Spectrum, BORDER 2 ja ne, 4 kore, 1 shuɗi. In launukan sun fito daidai, a mayar da murfi a bar ta a kunne awa biyu da tsakar rana, ana leƙa allon, a sake auna bolt 5 tana da zafi kafin a kira mai ita.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai gyaran talabijin da rediyo,
Sabon Gari, Kano.